Shin ƙwayoyin haske suna magana da juna daga nesa? Sharhi kan sarƙewar kwantum

A ranar 7 ga watan Yunin 2024, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum ta duniya. Meziko ce ta fara tura maganar a hukumar UNESCO, amma Ghana ce ta kai daftarin ƙudurin gaban zauren, kuma Accra aka zaɓa domin bikin rufe shekarar. An ɗauki 2025 ne saboda cikar shekara ɗari da aikin Werner Heisenberg na 1925, wanda daga shi ilimin ya tsaya da ƙafarsa. Kafin nan, a watan Oktoban 2022, an raba kyautar Nobel ta fiziks tsakanin John Clauser na Amurka, Alain Aspect na Faransa da Anton Zeilinger na Ostiriya, saboda gwaje-gwajensu a kan sarƙewar kwantum.

Waɗannan labarai sun jefa kalmar kwantum a bakin jama'a, kuma kowa da yadda ya ɗauke ta. A majalisun ataya na Nima da Mamobi a Accra, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, za ka ji wani ya ce an gano hanyar aika saƙo wadda ta fi haske gudu. Wani ya ce Turawa sun zo sun gaskata abin da bokaye suka daɗe suna faɗa, cewa ana taɓa mutum daga nesa. Ɗan makaranta kuma ya ce magana ɗaya ce, an kayar da Einstein. A cikin ukun, ta ƙarshe ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, ita ma sai an yi mata gyara. Abin da aka tabbatar a ɗakunan gwaji bai kai girman jita-jitar ba, sai dai yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ana iya bin hujjarsa da lissafin da bai wuce ƙirga huɗu ba.

Kalmomin da maganar ta rataya a kansu

Ilimin kwantum shi ne dokokin da mafi ƙanƙantar abubuwa ke bi: ƙwayar zarra, ilektaron da ke cikinta, da foton, wato ƙwayar haske guda. Abin da ya raba shi da yawancin fiziks na sakandare shi ne bai cika faɗin abin da zai fito a awo guda ba. Yiwuwa yake faɗa. Idan aka maimaita awon sau dubu, kashi kaza zai ba da wannan, kashi kaza ya ba da wancan. Max Born ne ya tsara wannan fahimta a 1926, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Haske yana tafiya yana kaɗawa, kaɗawar kuma tana da fuska: a tsaye, a kwance ko a karkace. Akwai matatar haske, irin wadda ake sa wa wasu tabarau na rana, da ke barin hasken da ya dace da fuskarta ya wuce. Idan foton guda ya iso gabanta, ɗayan biyu ne, ko ya wuce ko a tare shi. Babu rabin wucewa. Mai awo yana iya juya matatar zuwa kusurwar da ya ga dama. Juyawar ita ce tambayar da yake yi wa foton, wucewa ko tsayawa kuma ita ce amsa.

Sarƙewa tana fitowa ne haka. Idan aka haska lesa a kan wani irin dutsen kiristal, lokaci zuwa lokaci foton ɗaya yana komawa biyu, a sami tagwaye, kowane ya kama hanyarsa. Wanda ya tsaya yana auna ɓangare ɗaya kaɗai ba zai ga wani tsari ba. Rabin lokaci foton ya wuce, rabi a tare shi, ko ta wace kusurwa aka juya matatar. Amma idan an shirya tagwayen yadda ya kamata, aka kuma haɗa sakamakon ɓangarorin biyu, sai a tarar duk lokacin da matatun biyu ke kusurwa ɗaya, amsa ɗaya suka bayar. Lissafin kwantum bai ba kowane foton halinsa na kansa ba. Tagwayen a haɗe ya ba hali guda, komai nisan da ke tsakaninsu.

Sai ƙa'idar kusanci. Tun daga aikin Einstein na 1905 aka yarda cewa babu saƙo ko tasirin da ke wuce gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Tsakanin Accra da Kumasi, idan an bi miƙaƙƙen layi, kusan kilomita 200 ne, haske yana cinye shi a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Lokacin kaɗan ne, amma ba sifili ba ne. Abin da aka yi a Accra ba zai shafi Kumasi ba kafin wannan ɗan lokaci ya cika.

Na ƙarshe shi ne ɓoyayyen shiri: tunanin cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da amsoshinta tun daga inda aka haife ta, mu ne dai ba mu gani. Idan aka haɗa wannan da ƙa'idar kusanci, an sami ra'ayin da gwaje-gwajen Nobel suka je aunawa.

Ƙorafin Einstein

A watan Mayun 1935, Albert Einstein da abokan aikinsa biyu a Princeton, Boris Podolsky da Nathan Rosen, suka buga wata maƙala a mujallar Physical Review. Ba su ce lissafin kwantum ƙarya ne ba. Cewa suka yi bai cika ba. Hujjarsu ita ce: idan awon da na yi a nan ya ba ni damar faɗin sakamakon can da tabbas, alhali ban taɓa ƙwayar can ba, to lalle wannan sakamako yana nan a ajiye tun kafin in auna. Tunda lissafin kwantum bai ambaci wannan ajiya ba, akwai abin da ya bari a baya.

A ɗauki goro biyu, fari da ja, a ƙulle kowane a ganye, a cakuɗa su. Ƙulli ɗaya ya zauna a Nima, ɗayan ya hau mota zuwa Aboabo. Da mutumin Nima ya kwance nasa ya ga fari, nan take ya san na Aboabo ja ne. Babu mai hankalin da zai ce goron Nima ya aika saƙo Kumasi. Launin yana nan tun ranar ƙulli, sani ne ya zo daga baya. Haka Einstein ya so tagwayen haske su kasance. In ba haka ba, sai a ce awon nan ne ya yanke wa ƙwayar can hukunci a take, abin da ya kwatanta da aikin fatalwa daga nesa a wata wasiƙa da ya rubuta wa Born a 1947.

Niels Bohr na Denmak ya mayar da martani a wannan shekara ta 1935. A ganinsa babu ma'ana a yi maganar halin ƙwaya ba tare da an faɗi yadda aka auna ta ba, domin tsarin awon gaba ɗaya shi ke fayyace abin da za a iya faɗa. Yawancin masana suka ɗauka Bohr ya yi nasara, ko da yake har yau ana jayayya a kan ainihin abin da amsar tasa ke nufi. Wani abu kuma ya ƙara rufe ƙofar. A 1932 shahararren masanin lissafi John von Neumann ya kawo hujjar da aka fahimta a matsayin cewa ɓoyayyen shiri ba zai yiwu ba sam. Wata Bajamushiya, Grete Hermann, ta nuna gurguwar ƙafa a hujjar tun a shekarun 1930, amma kusan babu wanda ya saurare ta.

A 1952 David Bohm ya yi abin da aka ce ba zai yiwu ba. Ya gina cikakken tsari mai ɓoyayyen shiri wanda ke ba da duk amsoshin kwantum, yana ɗorawa a kan tunanin da Louis de Broglie ya kawo a 1927. Sai dai a tsarin Bohm abin da aka yi wa ƙwaya ɗaya yana shafar ɗayar nan take, komai nisa. Wato ya ceto shirin, ya sadaukar da kusanci. An yi kusan shekara talatin bayan maƙalar Einstein ana ɗaukar batun hirar falsafa, domin babu wanda ya ga awon da zai raba gardama.

Wasan da John Bell ya gano

John Stewart Bell, haifaffen Belfast a Ailan ta Arewa, ma'aikaci ne a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Geneva. Ya karanta aikin Bohm, ya tambayi kansa ko wannan tasiri daga nesa aibin tsarin Bohm ne kaɗai, ko kuwa duk wani ɓoyayyen shiri sai ya ɗauke shi. A 1964 ya buga amsar a wata ƙaramar mujalla mai suna Physics, wadda ba ta daɗe ba ta daina fitowa. Abin da ya gano shi ne, idan matatun biyu suna kusurwa ɗaya, bayanin goro ya isa. Idan aka fara juya su zuwa kusurwoyi dabam-dabam, lissafin kwantum da ɓoyayyen shiri sai su raba gari, kuma ana iya ƙirga bambancin.

A 1969 Clauser da Michael Horne da Abner Shimony da Richard Holt suka mayar da hujjar sigar da za a iya gwadawa a ɗakin bincike. Ana iya bayyana wannan siga a matsayin wasa, da mutanen nan biyu na Nima da Aboabo. Kowane yana riƙe da farin goro da ja. A lokaci ɗaya, alƙalin kowane gari zai jefa kwabo, ya miƙa wa ɗan wasansa kati mai lamba 1 ko 2, shi kuma ya ɗaga goro ɗaya nan take. Babu waya, kuma babu wanda ya san katin da ɗan'uwansa ya samu. Dokar cin wasa ita ce: idan akwai lamba 1 a hannun ɗayansu ko a hannun duka biyun, sai launinsu ya zo ɗaya. Idan kuwa duka biyun 2 suka samu, sai launin ya bambanta. An yarje musu su zauna su ƙulla duk shirin da suke so kafin su rabu.

Katunan suna iya faɗowa ta hanya huɗu: 1 da 1, 1 da 2, 2 da 1, 2 da 2. A ce mutumin Nima ya yanke shawarar ɗaga fari idan ya sami 1. Domin su ci hanya ta farko da ta biyu, dole mutumin Aboabo ya ɗaga fari ko 1 ya samu ko 2. Domin su ci ta uku, dole mutumin Nima ya ɗaga fari a kan 2 ma. To ga ta huɗu: kowa ya sami 2, kowa ya ɗaga fari, doka kuma ta ce sai an bambanta. Sun faɗi. Duk yadda suka juya shirin, in sun toshe nan can ya ɓalle, hanya ɗaya cikin huɗu sai ta kuɓuce musu. Ko da sun ce za su riƙa sauya shiri da ƙuri'a, kowane shiri a cikin jakar bai wuce uku cikin huɗu ba. Don haka idan aka yi wasan sau da yawa, cinsu ba zai haura kashi 75 cikin ɗari ba.

Ƙarfin hujjar yana nan ne. Ba ta tambayi mene ne ɓoyayyen shirin ba, ko yaya sarƙaƙiyarsa take, ko da wane irin ilimi aka gina shi. Sharaɗinta kawai shi ne amsar kowa ta dogara ga katinsa da abin da ya taho da shi, kuma kwabon alƙalai bai san shirin ba.

Yanzu a ba su tagwayen foton, ɗaya a Nima, ɗaya a Aboabo. Mutumin Nima ya saita matatarsa a digiri 0 idan ya sami 1, ko digiri 45 ta dama idan ya sami 2. Na Aboabo ya saita tasa a digiri 22.5 ta dama a kan 1, ko 22.5 ta hagu a kan 2. Idan foton ya wuce a ɗaga fari, idan an tare shi a ɗaga ja. A hanyoyi uku na farko tazarar matatun digiri 22.5 ce, lissafin kwantum ya ce amsoshin za su dace kusan sau 85 cikin ɗari. A ta huɗu tazarar ta zama 67.5, amsoshin za su saɓa kusan sau 85 cikin ɗari, daidai abin da doka ke nema. Jimla, kashi 85 maimakon 75. A littattafan fiziks ana rubuta waɗannan iyakoki biyu da wani ma'auni, 2 ga ɓoyayyen shiri, 2.83 ga kwantum. Boris Tsirelson ya nuna a 1980 cewa kwantum ma ba zai wuce nan ba, ba ya kai wa ɗari bisa ɗari.

Shekara arba'in ana toshe kafofi

Gwajin farko an yi shi a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1972, Clauser da ɗalibi Stuart Freedman, da haske daga ƙwayoyin zarra na sinadarin kalsiyam. Clauser ya sha faɗa cewa ya shiga aikin yana fatan Einstein ne zai yi nasara. Sakamakon ya bi lissafin kwantum.

Masu shakka suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Kafa ta farko: a gwajin Berkeley an saita matatun tun kafin tagwayen su tashi, don haka akwai isasshen lokacin da wani tasiri da ba a sani ba zai kai labarin saitin daga wannan gefe zuwa wancan. Aspect da abokan aikinsa a Orsay, kusa da Paris, suka tunkari wannan a 1982. Ɓangarorin biyu suna da tazarar kusan mita 12, wadda haske ke ci a nanosakan 40, su kuma suna sauya saitin kusan duk nanosakan 10, tagwayen suna kan hanya. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Sauyin nasu bai zama na ƙuri'a tsantsa ba, sai a 1998 ƙungiyar Zeilinger a Innsbruck ta gyara wannan da tazarar mita 400.

Kafa ta biyu: na'urorin lokacin suna kama kaɗan ne daga cikin foton ɗin da aka aika. Idan 'yan wasa suna da damar ƙin ɗaga goro duk lokacin da katin bai yi musu daɗi ba, aka kuma ƙirga wasannin da suka amsa kaɗai, za su iya haura 75 da wayo kawai. An daɗe ana toshe kafa ɗaya ana barin ɗaya, sai a 2015 ƙungiyoyi uku suka toshe biyun a gwaji guda. A Delft ta ƙasar Holan, ƙungiyar Ronald Hanson ta sarƙe ilektaron biyu a cikin lu'ulu'u biyu masu tazarar kilomita 1.3. Sau 245 kawai suka yi wasan, suka ci kusan kashi 80. Adadin kaɗan ne, shi ya sa gwaje-gwajen Vienna da na Boulder a Amurka, waɗanda suka biyo baya a shekarar da foton masu ɗimbin yawa, suka ƙara wa sakamakon nauyi.

Kafa ta uku ita ce kwabon alƙali. Wa ya tabbatar bai haɗa baki da shirin ba? Wannan ba a iya toshe ta gaba ɗaya, sai dai a tura ta nesa. A ranar 30 ga Nuwamban 2016 kimanin mutum 100,000 a faɗin duniya suka riƙa danna 0 da 1 a intanet, aka yi amfani da zaɓinsu wajen saita na'urori a ɗakunan gwaji da dama. A 2018 kuma, a tsibirin La Palma na Sifen, aka bar hasken wasu abubuwa masu tsananin haske da ke can nesa a sararin samaniya ya zaɓi saitin, hasken da mafi kusa a cikinsu ya baro gida shekara biliyan 7.8 da suka wuce. Duk sakamakon ɗaya ne. Bell bai ga wannan ba, ya rasu a 1990 yana da shekara 62, ba a kuma ba mamaci kyautar Nobel.

Dalilin da ya sa ba a aika saƙo da ita

Nan ne jita-jita ta fi yin nisa da gaskiya. Mutumin Nima ba shi ke zaɓar ko foton ɗinsa zai wuce ba. Kusurwa kawai yake zaɓa. Mutumin Aboabo kuma, ko me aka yi a Nima, ko da ba a auna komai ba, abin da zai gani a takardarsa jerin fari da ja ne rabi da rabi marasa tsari. Babu yadda zai gane daga takardar ko an juya matatar Nima. Dacewar ba ta bayyana sai an ajiye takardun biyu gefe da gefe, kuma kafin a yi haka sai wani ya buga waya ko ya hau mota. Wannan ba gazawar na'ura ba ce da za a gyara gobe, lissafin kwantum ɗin ne da kansa ya haramta shi.

Haka batun da jaridu ke kira tura abu nan take, wanda wasu ke kwatantawa da naɗe ƙasa. An tsara shi a takarda a 1993, ƙungiyar Zeilinger na cikin waɗanda suka fara gwada shi a 1997, kuma a 2012 ta yi shi tsakanin tsibiran La Palma da Tenerife, kilomita 143. Babu wani jiki da ya tashi daga nan ya faɗa can. Halin foton ɗaya ne ake ɗora wa wani foton da ke can tun farko, na asalin ya rasa nasa, kuma aikin ba ya kammala sai an aika ɗan bayani ta hanyar sadarwa ta yau da kullum, wadda ba ta wuce gudun haske.

Inda masana suka rabu

Babu saɓani a kan alƙaluman. Saɓanin yana kan wane sharaɗi za a yar, tunda sharuɗɗan ba za su tsaya duka ba.

Masu bin sawun Bohr, da waɗanda suka zo daga baya suna ɗaukar lissafin kwantum a matsayin bayanin abin da mai awo zai sa rai, suna cewa kuskuren yana cikin zaton akwai amsa kafin a yi tambaya. Awon da ba a yi ba, ba shi da sakamako. Da wannan suna ganin ba su buƙatar wani tasiri daga nesa. Masu suka suna mayar musu cewa ƙin bayani ba bayani ba ne: in babu amsa a ajiye, me ya sa amsoshin biyu suke dacewa?

Magoya bayan Bohm sun karɓi tasirin nesa a fili. A wurinsu ƙwayoyi suna da matsayi na gaske a kowane lokaci, kuma abin da aka yi a nan yana taɓa can, sai dai ba yadda za a yi amfani da shi a aika saƙo. Bell kansa ya yaba wa wannan tsari. Matsalarsa ita ce zamansa da ƙa'idar Einstein ta lokaci da sarari ba ya daɗi, domin yana buƙatar a ce wane awo ne ya riga wani, alhali ƙa'idar ta ce wannan ya danganta da mai kallo. Wani gwaji a Geneva a 2008, da tazarar kilomita 18, ya nuna cewa in har akwai irin wannan tasiri mai gudu, to a bisa wasu sharuɗɗa ya ninka gudun haske aƙalla sau 10,000.

Hugh Everett ya kawo hanya ta uku a 1957: duk amsoshin biyu suna faruwa, duniya ce ke rassa, kowane mai awo yana ganin reshensa. Wannan ya kauce wa tasirin nesa, amma farashinsa duniyoyi marasa iyaka da ba mai iya leƙawa, ga kuma wahalar bayyana ma'anar kashi 85 idan komai ya faru. Sai 'yan tsiraru, cikinsu har da Gerard 't Hooft wanda ya ci Nobel a 1999, da ke cewa kwabon alƙali da shirin ƙwayoyi suna da tushe ɗaya tun farkon duniya. Ba a iya ƙaryata wannan da gwaji, kuma mafi yawan masana suna gudunsa saboda idan aka yarda da shi, sai a fara shakkar kowane gwaji da ya dogara ga zaɓen ƙuri'a, har da na magunguna.

Wasu a zango suna haɗa wannan ra'ayi na ƙarshe da ƙaddara. Ya kamata a raba su. Hujjar Bell tana magana ne a kan bayanin da ƙwaya ke ɗauke da shi da gudun da tasiri ke iya yi tsakanin wurare biyu. Ba ta tabbatar da wata aƙida ba, ba ta kuma rushe ta ba. Shi kuwa Einstein, hoton goron da ya so ya faɗi, amma shi ne ya fara hango cewa akwai matsala a wurin, kuma dokarsa ta hana saƙo wuce haske tana nan daram.

Abin da ya shafi mai sana'a da mai waya

Ilimin kwantum ya daɗe a aljihun kowa. Ƙananan sassan da ke cikin waya, farantin sola, fitilar LED, lesa da na'urar MRI ta asibiti duk a kansa aka gina su. Amma ba su dogara ga sarƙewa daga nesa ba. Ita sarƙewa abu ne mai saurin lalacewa. Da ƙwaya ta yi gogayya da iska ko zafi ko wani haske, alaƙar ta watse cikin muhalli. A gwajin Delft sai da aka sanyaya lu'ulu'un zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Wannan ya isa mizani ga na'urorin da ake yawo da su da sunan kwantum, inda ake ba mutum ƙarfe ya riƙe na minti ɗaya a buga masa takardar ciwon hanta da ƙoda, da sarƙoƙin wuya da ake cewa suna gyara jini. Babu ko ɗaya daga gwaje-gwajen da aka ambata a sama da ke mara musu baya, kuma sidin da za a kashe a kansu ya fi amfani a gwajin jini na asibiti.

Ga ɗalibai, labarin ya fi daɗi. Gwajin da ya ci wa Clauser shekaru yanzu ana yin irinsa a kan teburi a azuzuwan digirin farko na jami'o'i da dama, da ƙaramar lesa, kiristal da na'urorin kama foton. Ghana ba baƙuwa ba ce a fagen. Marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar KNUST ta Kumasi kuma ya rasu a 2017, ya yi suna ne a fiziks na lissafi, Jami'ar Cape Coast kuma tana da cibiyar binciken lesa da wayar faiba.

Inda sarƙewa ke da amfani na gaske shi ne tsaron bayanai. A 1991 Artur Ekert ya nuna cewa jerin fari da ja marasa tsari da ɓangarori biyu ke samu iri ɗaya suna iya zama mabuɗin sirri. Idan wani ya saurara a hanya, sarƙewar ta lalace, cin wasan ya sauko zuwa 75 ko ƙasa, sai a gane a yar da mabuɗin. A 2017 tauraron ɗan'adam na ƙasar Sin mai suna Micius ya raba tagwayen foton tsakanin tashoshi biyu masu tazarar kilomita 1,200. An bi ta sama ne saboda wayar faiba tana shanye haske. A faiba ta yau da kullum kusan kashi 99 cikin ɗari na foton suna ɓata a kilomita 100, don haka a kan hanyar Accra zuwa Kumasi mai kusan kilomita 250, kimanin ɗaya cikin 100,000 ne zai isa. Ba a kuma iya ƙara musu ƙarfi a hanya kamar saƙon intanet, domin an tabbatar tun 1982 cewa ba a kwafar halin kwantum da ba a sani ba. Saboda haka wannan fasaha, in ta zo, bankuna da hukumomi za ta fara yi wa aiki a gajerun layuka.

Abin da ya fi kusa da mai tura kuɗi ta momo a kasuwar Kejetia ko ta Makola shi ne kwamfutar kwantum, wadda sarƙewa ke cikin ginshiƙanta. Peter Shor ya nuna a 1994 cewa babbar kwamfuta irin wannan za ta iya fasa makullan lissafi da bankuna da shafukan intanet ke amfani da su. Har yanzu babu wadda aka sani a fili da ta kai wannan ƙarfi, ko kusa. Amma ana iya sace bayanan da aka kulle yau a ajiye su har ranar da za a iya buɗewa, kuma akwai bayanan da ba sa tsufa, kamar zanen yatsa na katin ɗan ƙasa, takardun filaye da tarihin lafiya. Maganin da aka fi dogara da shi sababbin makullan lissafi ne da ke aiki a kan waya da kwamfutar da ake da su. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da guda uku na farko a watan Agustan 2024. Sauyawa zuwa gare su aikin bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati ne, mai waya kuma zai gan shi ne a matsayin sabunta manhaja.